Ayurveda: Tambayoyi da Amsoshi Kan Maganin Gargajiyar Indiya da Tsarinsa na Kula da Jiki

Sunan Ayurveda ya yawaita a jikin kwalaben magani, sabulai da tallace-tallacen intanet, har mutum ya ɗauka sunan wani ganye ne. A ƙasa an tattaro tambayoyin da aka fi yi a kansa. Tun daga farko yana da kyau a raba abu biyu: akwai tsarin ci, barci da motsa jiki da Ayurveda ke koyarwa, wanda yawancinsa ba ya cin ko sisi kuma haɗarinsa kaɗan ne, akwai kuma magungunan da ake sayarwa da sunansa, waɗanda ke bukatar a buɗe ido sosai.

Mene ne Ayurveda, kuma yaushe ya fara?

Kalmar ta harshen Sanskirit ce, haɗin kalma biyu: ayus, wato rayuwa ko tsawon kwana, da veda, wato ilimi. Tsarin likitanci ne da ya girma a yankin Indiya, yana da littattafansa, makarantunsa da asibitocinsa har gobe. Masu talla kan ce ya shekara 5,000, amma rubutattun littattafan da ake dogaro da su sun kai kimanin shekara 2,000 ne, ko da yake sun ɗebo daga ilimin da ya girme su.

Uku ne manya. Charaka Samhita, mai babi 120, ya fi ƙarfi a cututtukan cikin jiki da abinci. Sushruta Samhita na tiyata ne: ya lissafa kayan aiki 121, ya bayyana yadda ake gyara yankakken hanci da fatar mutum, ya kuma ambaci ciwon da fitsarin mai shi ke da zaƙi har tururuwa ta taru a kai, wanda a yau muke kira ciwon suga. Na uku shi ne Ashtanga Hridaya na Vagbhata, wajajen ƙarni na 7, wanda ya taƙaita na farkon biyu cikin baitoci, kuma shi likitocin jihar Kerala suka fi riƙewa.

Ilimin bai tsaya a Indiya ba. A zamanin Abbasiyawa an fassara wasu daga cikin waɗannan littattafai zuwa Larabci a Bagadaza, kuma Ali bin Rabban al-Ɗabari ya ware sashe guda kan likitancin Indiyawa a littafinsa Firdausul Hikima wajajen shekarar 850. Ƙusɗul hindi da masu maganin Musulunci ke sayarwa saiwa ce da Ayurveda ya daɗe da sani da sunan kushta.

Mene ne vata, pitta da kapha da ake ta ambata?

Su ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya, ana kiransu dosha. An bar su a rubutunsu na asali a nan, don in aka hausantar da su sai su koma wata, fita da kafa, su rikita mai karatu.

Ayurveda na ganin komai ya ginu ne daga abu biyar: sarari, iska, wuta, ruwa da ƙasa. A jikin mutum waɗannan sun haɗu sun ba da ƙarfi uku. Vata, haɗin iska da sarari, shi ke tafiyar da duk wani motsi: numfashi, bugun zuciya, tafiyar abinci a hanji, kai-komon tunani. Siffarsa bushewa, sanyi da rashin nauyi. In ya yi yawa sai a ga bushewar fata, taurin bayan gida, kumburin ciki, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da fargaba. Pitta, haɗin wuta da ruwa, shi ne mai narkarwa da zafin jiki. Yawansa kan fito a ƙwannafi, ƙuraje, yawan gumi, gudawa mai zafi da saurin fushi. Kapha, haɗin ruwa da ƙasa, shi ne mai gina jiki da danshinsa. In ya wuce kima sai majina, nauyin jiki, ƙiba, kasala da barcin da ba ya ƙarewa.

Ƙa'idar magani ɗaya ce mai sauƙi: abu yana ƙara irinsa, kishiyarsa na rage shi. Wanda bushewa da sanyi suka yi wa yawa a ba shi mai da ɗumi. Wanda zafi ya dama a ba shi abin da ke sanyaya jiki. Bahaushen da ya saba jin ana cewa wannan abinci yana da sanyi, wancan yana da zafi, ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Amma a riƙe wannan: dosha ba abu ne da ake gani a gwajin jini ko hoton asibiti ba. Hanya ce ta rarraba alamomi da ɗabi'un jiki, wadda likitocin da suka rayu kafin a san ƙwayoyin cuta suka tsara daga dogon lura. A matsayin ma'aunin tsara abinci da hutu tana da amfani. A matsayin bayanin abin da ke haddasa zazzaɓin cizon sauro ko tarin fuka, ba ta kai ba.

Yaya zan san nau'in jikina?

Suna bambanta abu biyu. Prakriti shi ne yanayin da aka haifi mutum da shi, ba ya canzawa. Vikriti shi ne karkacewar da ta same shi yanzu. Magani yana bin na biyun ne, yana la'akari da na farkon.

Mai rinjayen vata yawanci siriri ne, mai saurin magana da saurin mantuwa, cin abincinsa ba tsari, sanyi na damunsa. Mai pitta matsakaicin jiki ne, yunwa ba ta yi masa da wasa, in lokacin abinci ya wuce ransa ya ɓaci, ba ya jure rana. Mai kapha kakkaura ne, mai haƙuri, mai nauyin barci, yana iya tsallake abinci bai damu ba. Galibin mutane haɗin biyu ne.

Jerin tambayoyin da ake cikewa a intanet cikin minti biyar ba abin dogaro ba ne, musamman waɗanda ke ƙarewa da tallar kwalba. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya amsa da halin da yake ciki a wannan watan, alhali ana tambayar yadda jikinsa yake tun yarinta.

Me ya sa komai sai sun mayar da shi ga ciki?

Saboda a ganinsu yawancin cuta daga rashin narkewar abinci take farawa. Ƙarfin narkarwa suna kiransa agni, wato wuta. In wutar na ci daidai, abinci zai rikiɗe ya ciyar da sassa bakwai bi da bi: ruwan jiki, jini, tsoka, kitse, ƙashi, ɓargo da ruwan haihuwa. In ta yi rauni, sai a samu ragowar da ba ta dahu ba, mai yauƙi, wadda suke kira ama. Alamominta a wurinsu: farin datti mai kauri a harshe da safe, nauyin jiki bayan cin abinci, rashin sha'awar ci, gyatsa mai wari.

Daga nan dokokin cin abincinsu suka fito, kuma nan ne Ayurveda ya fi armashi:

Kada a ci sai na baya ya narke, alamarsa yunwa ta gaskiya da gyatsa marar ɗanɗanon abinci. A ci abinci da ɗuminsa, da ɗan mai, a zaune, ba da gaggawa ba kuma ba da jan lokaci ba. Babban abinci ya zama na rana, na dare ya zama marar nauyi kuma da wuri, awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Ruwan ƙanƙara a kan abinci suna ɗaukarsa kamar zuba ruwa a murhu, sun fi son kurɓar ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. Game da yawa, Charaka ya ce a raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya a bar shi fili. Musulmi zai tuna da hadisin da ya zo da irin wannan rabo. Vagbhata kuma ya raba huɗu, biyu na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya fili.

Ga wanda sha'awar cinsa ta mutu, abin da suka saba bayarwa shi ne siririn yankan ɗanyar citta, kamar faɗin farce, da ɗan gishiri da ɗigon lemun tsami, a tauna minti goma kafin abinci. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi ya bar wannan, zai ƙara masa ne.

Akwai kuma haɗe-haɗen da suka hana: madara da kifi, madara da 'ya'yan itace masu tsami, zuma da soyayyen man shanu daidai wa daida, dafa zuma, da shan kindirmo da dare. Waɗannan hukuncin littattafansu ne, binciken zamani bai tabbatar da cewa guba ne ba.

Mene ne zancen ɗanɗano shida?

Zaƙi, tsami, gishiri, yaji, ɗaci da bauri. Zaƙi a nan ya haɗa da shinkafa, alkama, madara da mai, ba sukari kaɗai ba. Bauri shi ne abin da ke kama baki, irin na ɗanyar ayaba ko shayi mai kauri. Zaƙi, tsami da gishiri suna kwantar da vata. Zaƙi, ɗaci da bauri suna kwantar da pitta. Yaji, ɗaci da bauri suna rage kapha. Abin da ake so shi ne kowane ya samu shiga cikin abincin yini, a karkata ga ukun da suka dace da mutum. A aikace wannan yana nufin ƙara ganye masu ɗaci da dangin wake, waɗanda su ne aka fi bari a baya.

Yaya tsarin yini yake, daga tashi zuwa kwanciya?

Sunansa dinacharya. Ga shi bi da bi, tare da inda ake kuskure.

Tashi kafin fitowar rana da kimanin awa ɗaya da rabi, wato wajajen asuba. Sai biyan bukata, ba tare da yunƙuri ba. Sai asuwaki da reshe mai ɗaci ko bauri, wanda aka fi sani shi ne na darbejiya. Ita kanta darbejiyar da ta cika garuruwanmu daga yankin Indiya aka kawo ta, kamar yadda zogale ma can ne asalinsa. Bayan haka a kankare harshe da lanƙwasasshen ƙarfe marar kaifi, daga ciki zuwa waje, sau biyar zuwa bakwai, a hankali. Dannawa da ƙarfi na fasa harshe, kai shi can maƙogwaro kuma na tayar da amai.

Kurkure baki da mai: cokali ɗaya babba na man riɗi, a riƙe a baki ana juya shi minti biyar zuwa goma, a tofar, a wanke da ruwan ɗumi. Ba a haɗiyewa, ba a ɗaga kai a yi gargara da shi, domin man da ya sauka huhu yana haddasa kumburi. Yara ƙanana da masu matsalar haɗiya ba nasu ba ne. Kuma ba ya maye gurbin goge haƙori, ba ya cike ramin da ya riga ya ruɓe.

Shafa mai, abhyanga: a ɗumama man riɗi kamar cokali uku zuwa huɗu ta hanyar tsoma kwalbar a ruwan zafi, a gwada a bayan hannu. A shafa dogon ja a hannuwa da ƙafafu, a kewaya a gaɓoɓi da ciki. Littafin Vagbhata ya nanata wuri uku: kai, kunnuwa da tafin ƙafa. A bar shi minti 15, a yi wanka da ruwan ɗumi, amma kai ba a zuba masa ruwa mai zafi. Mai jin zafi a jiki ya fi dacewa da man kwakwa. Ba a yi in akwai zazzaɓi, mura mai majina, ko abinci bai narke ba. Haɗarin da ya fi faruwa ba wani na ɓoye ba ne: santsin mai a daɓen banɗaki, musamman ga tsofaffi.

Motsa jiki: ma'auninsu rabin ƙarfi, wato a tsaya da zarar gumi ya tsatso a goshi da hammata kuma numfashi ya fara komawa ta baki. A lokacin zafi ƙasa da haka ma.

Barci suna lissafa shi cikin ginshiƙai uku na lafiya, tare da abinci da kame kai wajen jima'i. Barcin rana sun hana shi sai a tsananin zafi, ko ga yara, tsofaffi, marasa lafiya da wanda ya kwana a farke. Sun kuma lissafa abu 13 da ba a dannewa in sun taso: fitsari, bayan gida, maniyyi, tusa, amai, atishawa, gyatsa, hamma, yunwa, ƙishirwa, hawaye, barci da haki bayan wahala. Abin da suka ce a danne shi ne fushi, hassada, kwaɗayi da mugun furuci.

Tsarin yana canzawa da yanayin shekara?

Yana canzawa. Indiyawa sun raba shekara gida shida, wata bibbiyu, kowanne da abincinsa. Wannan jadawali na ƙasarsu ne, kwafe shi a wata ƙasa ba ya aiki. Abin da ake ɗauka shi ne ma'aunin. Iska mai sanyi da bushewa irin ta hunturu tana tayar da vata, sai a ƙara mai a jiki da abinci mai ɗumi da romo. Tsananin zafi yana raunana jiki, sai a rage yaji, tsami da aikin ƙarfi, a ƙara ruwa. Da damina sun ce wutar ciki na rauni, sai a tafasa ruwan sha, a rage ɗanyen ganye. Wannan shawara ta ƙarshe ta dace da abin da aka sani yau game da gurɓatar ruwa da damina.

Wane abinci ne ake ba wanda cikinsa ya gaji?

Kichari. Fate ne na shinkafa da ɓarzajjen wani ƙaramin wake da ake kira mung, wanda ya fi waken da muka saba saurin dahuwa da sauƙi a ciki. Rabin kofi na shinkafa, rabin kofi na waken, a wanke, a jiƙa rabin awa. A narka cokali ɗaya na soyayyen man shanu, a jefa ƙaramin cokali na 'ya'yan jira, kayan ƙamshin da ake kira cumin da Turanci, har su yi ƙamshi, a sa daddakakkiyar citta kaɗan da rabin ƙaramin cokali na gangamau. A zuba shinkafa da wake, ruwa kofi biyar, gishiri, a dafa a wuta kaɗan minti 25 zuwa 30 har ya luguiguice. In jirar ta yi baƙi ta ƙone, za ta sa ɗaci, a zubar a sake. Kwana ɗaya zuwa uku ake yi a kansa. Mai ciwon suga ya tuna shinkafa ce mai laushi, tana saurin ɗaga suga.

Soyayyen man shanun, wanda suke kira gi, ba baƙo ba ne a wurinmu. Rabin kilo na man shanu marar gishiri, wuta kaɗan, minti 20 ko kusa da haka. Zai yi kumfa, ya yi ta ƙara, sannan ƙarar ta lafa, man ya yi garau, gutsattsarin ƙasa su yi ja-ja. Nan ake saukewa a tace. In an sauke da wuri ruwa ya rage a ciki, zai yi saurin lalacewa, haka ma in ana ɗiba da jiƙaƙƙen cokali. Duk yabon da littattafai suka yi masa, kitse ne, cokali ɗaya zuwa biyu a yini ya isa, mai matsalar zuciya kuma ya tambayi likitansa.

Yaya likitan Ayurveda ke duba marar lafiya?

Da kallo, taɓawa da tambaya mai tsawo: me kake ci, ƙarfe nawa, yaya barcinka, yaya bayan gidanka. Wani tsari na baya-baya ya lissafa abu takwas da ake dubawa: bugun jijiya, fitsari, bayan gida, harshe, murya, fata, ido da surar jiki. Wajen jijiya ana ɗora yatsu uku a wuyan hannu ƙasan babban yatsa. Na nuni yana sauraron vata, mai tafiya kamar maciji, na tsakiya pitta, mai tsalle kamar kwaɗo, na zobe kapha, mai tafiya a natse kamar agwagwa a ruwa. Duban jijiya bai da wannan matsayi a tsofaffin littattafan uku, daga baya ya shigo, wajajen ƙarni na 13 zuwa 14. Wanda ya riƙe hannunka minti ɗaya ya ce ya ga ciwon ƙoda ko kansa, tashi ka tafi. Ƙwararrun likitocin Ayurveda a Indiya a yau suna tura mutum gwajin jini da hoto.

Mene ne panchakarma?

Ma'anarsa ayyuka biyar, na fitar da abin da suke ganin ya taru a jiki: sa amai don kapha, wankin ciki don pitta, ɗura mai ko ruwan magani ta dubura don vata, ɗiga magani a hanci don cututtukan kai, da fitar da jini, wani lokaci da matsattsaku.

Aikin yana da matakai uku, kuma na tsakiyar ne mafi gajarta. Da farko ana shayar da mutum soyayyen man shanu mai magani da sassafe, ana ƙara yawansa kullum, kwana uku zuwa bakwai, sannan tausa da mai da sirace. Sai ranar aikin kansa. Bayansa a dawo da abinci sannu a hankali, kwana uku zuwa bakwai: ruwan shinkafa, sai kunu mai kauri, sai romon wake, kafin abinci sosai. Masu gaggawa a wannan mataki na ƙarshe suke ɓata aikin, su fita daga wankin ciki su faɗa kan nama da soye-soye. Gaba ɗaya yakan ɗauki mako biyu zuwa uku. A Kerala an fi yinsa da damina, tsakanin Yuli da Agusta.

Ba aikin gida ba ne. Amai da gudawar da aka jawo da gangan suna zubar da ruwa da gishirin jiki, wanda kan iya taɓa ƙoda da bugun zuciya. Mai ciki, ƙaramin yaro, tsoho mai rauni, mai ciwon zuciya, ƙoda ko gyambon ciki ba sa yi. Mai shan maganin suga in ya shiga irin wannan ƙarancin abinci ba tare da an daidaita masa magani ba, sugansa zai iya faɗuwa. Tausa da tsiyaya mai a goshi da otal-otal ke sayar wa baƙi na kwana biyu hutu ne mai daɗi, amma ba shi ne panchakarma ba.

Waɗanne magunguna ne suka fi shahara, kuma me ya kamata a sani a kansu?

Triphala garin 'ya'yan itace uku ne daidai wa daida: haritaki, bibhitaki da amalaki. Ana shan giram 3 zuwa 6 da ruwan ɗumi kafin barci don taurin bayan gida. A fara da rabin ƙaramin cokali, in ya yi yawa murɗa da gudawa zai kawo. Mai ciki ta bar shi.

Ashwagandha saiwa ce da ake sha don gajiya, damuwa da barci. Ƙananan gwaje-gwaje da suka yi amfani da miligiram 300 zuwa 600 a yini na 'yan makonni sun nuna ɗan sauƙi. An kuma samu rahotannin ciwon hanta da shawara a wasu masu shanta, tana taɓa aikin ƙwayar tayirod ta maƙogwaro, kuma ba a ba mai ciki. Ƙasar Denmak ta hana sayar da ita a 2023.

Gangamau a miya lafiya lau ne. Ƙwayoyin da aka tace sinadarinsa aka haɗa da sinadarin masoro da ke ƙara shigarsa jini wani abu ne daban, su ma an danganta su da ciwon hanta, kuma ba sa jituwa da magungunan tsinka jini. Giloy, wani tsiro mai yaɗo wanda aka yi ta sha a Indiya lokacin annobar korona, likitocin hanta a can sun ba da rahoton mutanen da ya yi wa illa a 2021. Yashtimadhu, saiwa mai zaƙi, tana ɗaga hawan jini in an daɗe ana sha. Chyawanprash, wanda ake lasa da cokali, yawancinsa sukari da zuma ne. Zuma kuma ko a wane haɗi ba a ba jaririn da bai shekara ba.

Cewa ganye na da ƙarfin gaske ba abin musu ba ne. Daga saiwar sarpagandha aka ciro sinadarin rizafin a 1952, ya zama ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko. Abin da ke da ƙarfin saukar da jini yana da ƙarfin yin ɓarna in an sha barkatai.

Gaskiya ne ana samun dalma a wasu magungunan?

Gaskiya ne, kuma wannan ce babbar matsalar. Akwai reshe mai suna rasa shastra da ke sa ƙarafa da gangan: zaiba, dalma, asanik, zinariya, a ƙona su su zama toka da ake kira bhasma. Masu yi suna cewa sarrafawar na kashe gubar. Gwajin jinin waɗanda suka sha bai goyi bayansu ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya auna magunguna 70 da aka saya a shagunan yankin Boston, ya samu dalma, zaiba ko asanik a 14. Na 2008 ya auna 193 da aka saya ta intanet, kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da su, a cikin na rasa shastra kuwa kusan kashi 40 cikin ɗari. A 2012 hukumomin lafiya sun ba da rahoton mata shida masu ciki a birnin New York da gubar dalma ta kama ta wannan hanya. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce.

A karanta jerin abin da ke ciki. Kalmomin bhasma, rasa, sindura, parada, naga ko hingula alama ce ta ƙarfe. Garin da ba suna, ba kamfani, ba jerin sinadarai, a bar shi. Ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙarancin jini da kasala bayan an fara shan irin wannan magani na bukatar gwajin dalma a jini.

Akwai abin da ya shafi addini?

Ayurveda ya tashi a cikin al'adar Hindu, littattafansa na ɗauke da addu'o'i da ambaton abin bautarsu Dhanvantari. Amma shawarar cin abinci da wuri ko shafa man riɗi ba ta bukatar ko ɗaya daga ciki, kuma a Indiya Musulmi da Kirista suna karanta shi suna aiki da shi. Abu biyu ne ya kamata a duba a jikin kwalba. Magungunan ruwa da sunansu ya ƙare da arishta ko asava tsimi ne, barasar da ke cikinsu kan kai kashi 12 cikin ɗari. Kalmar gomutra kuma fitsarin saniya ne, yana cikin haɗin da ake kira panchagavya da wasu ƙwayoyi.

Ɗaya ne da yoga ko Unani?

A'a. Yoga tarbiyyar jiki da numfashi ce mai nata tushe. Unani likitancin Girkawa ne da ya bi ta hannun Larabawa da Farisawa ya isa Indiya, mai ruwaye huɗu maimakon dosha uku. Akwai kuma Siddha, likitancin Tamilawan kudancin Indiya. Ma'aikata ɗaya ce dai ta gwamnatin Indiya ke kula da su, AYUSH, wadda aka kafa a 2014.

Yana warkar da suga, hawan jini ko kansa?

Babu hujjar cewa yana warkar da ko ɗaya. Gyaran abinci, rage ƙiba, barci da motsa jiki suna taimaka wa mai suga da mai hawan jini ƙwarai, da sunan Ayurveda aka yi su ko da wani suna. Inda gwaji ya fi nuna alamar amfani shi ne ciwon gwiwa na tsufa, kamar gwajin da aka yi a Indiya kan mutum 440 aka buga a 2013, duk da cewa a nan ma an ga alamun taɓuwar hanta a wasu. Dokar Indiya ta 1954 ta hana tallar maganin da ke iƙirarin warkar da suga ko kansa, kuma a 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta tilasta wa kamfanin magungunan Ayurveda na Patanjali buga neman afuwa a jaridu saboda tallace-tallace masu yaudara. Ɓarnar da aka fi gani ita ce mutum ya ajiye allurar insulin ko ya ɗaga tiyatar kansa wata shida yana gwada gari, ya dawo asibiti ciwo ya yi nisa.

Yaya ake gane likita na gaske da magani mai rajista?

A Indiya digirin likitan Ayurveda sunansa BAMS, shekara biyar da rabi ne har da shekarar koyon aiki a asibiti, kuma dole ya yi rajista da hukumar jiharsa ko ta ƙasa. Takardar kwas na wata uku ba ta mayar da mutum likita. Akwai cibiyoyin da suka daɗe, kamar Arya Vaidya Sala ta garin Kottakkal a Kerala, wadda aka kafa a 1902, da babbar cibiyar gwamnati a Delhi. A Jamnagar ta jihar Gujarat ne aka aza harsashin cibiyar maganin gargajiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, sai dai wannan ba amincewa ba ce da kowace kwalba da ke kasuwa.

A jikin magani a nemi lambar lasisin masana'anta, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar lalacewa da cikakken jerin sinadarai. A Najeriya a ƙara da lambar NAFDAC, tare da sanin cewa a kan magungunan ganye akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. A fara abu ɗaya a lokaci guda, don in wata illa ta fito a san mai laifi. A nuna wa likitan asibiti kwalbar kanta, musamman in ana shan maganin suga, hawan jini, farfaɗiya ko tsinka jini, kuma a dakatar da magungunan ganye mako biyu kafin tiyata. In ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu ko jiki ya kama ƙaiƙayi, a daina sha a ranar, a tafi gwajin hanta da kwalbar a hannu.